Kafso Mai Ido da Jirgin Yaya Bukar

Kun sha tambayata, wani da baki wani da ido, me ya zaunar da ni a Haɗeja bayan 'yar'uwarku Yagana ta gyara mini ɗaki a gidanta na Abuja, har da na'urar sanyi da kujerar nan mai kwantawa. Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu. Wasunku sun ce taurin kan tsufa ne, wasu sun ce Baffanku Bukar ne ya ɗaure ni da wani abu. Na biyun sun fi kusa da gaskiya, sai dai ba irin ɗaurin da suke zato ba ne. Tun da Allah ya bar mini hankalina da hannun riƙe alƙalami, bari in faɗa muku yadda abin ya faro, don kada bayan raina kowa ya ƙaga nasa.

Ni da Yaya Bukar uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma tun muna samari muka raba duniya. Shi ya ɗauki kogi, ni na ɗauki hanya. Fataucin fata ya kai ni Injamena, daga can yadi ya kai ni Hartum da Jidda da Alƙahira, daga baya kayan lantarki suka kai ni har ƙasar Sin. A hanya na ƙara Larabci da Faransanci da Turancin kasuwa a kan Hausa da Barbarcin da muka tsotsa. Shi kuwa Yaya, iyakarsa Nguru ta ruwa. Ya taɓa zuwa Kano ɗaurin aure, ya dawo yana cewa mutanen can abin tausayi ne, gari guda ba inda za ka tsaya ka ga ruwa yana tafiya. Kada ku ɗauka rashin son sani ne ya hana shi yawo. Ban taɓa ganin mutum mai bin diddigin abu kamarsa ba. Duk babban kifin da ya kama, ko tarwaɗa ko bargi, sai ya tsaga tumbinsa ya baje a kan ganye ya duba abin da ya ci. Daga nan yake gane inda kifin ya yi kiwo, ko ƙarƙashin ciyawar kacalla, ko bakin gonakin shinkafa. Na ga masunta a kogin Shari, na gan su a Nilu, ban ga mai wannan ɗabi'ar ba sai shi.

A shekarar da nake ba ku labari, ban daɗe da dawowa gida da niyyar hutawa kaɗan in wuce wurin Yagana ba, sai na lura Yaya ya canza. Mutumin da ke tura jirgi da gora tun asuba har hantsi, ga shi daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa katanga yana haki. Tafin hannunsa ya yi fari, cikin fatar idonsa ma haka, ƙafafu suka fara kumbura. A asibiti aka ce jininsa ne ya yi ƙasa. Aka ƙara masa, ya ɗan murmure, kafin wata ya zagayo jinin ya sake tsiyayewa. Aka kuma ƙarawa, aka kuma komawa gidan jiya. Likitan ya ce wani wuri a cikinsa yana yoyo, sai an gano wurin. Muka tafi Kano, aka zura masa tiyo mai fitila ta baki har tumbi, ba a ga komai ba. Da aka ce saura a zura wani ta ƙasa, Yaya ya sauko daga gadon, ya laluba takalminsa, ya sa hularsa.

"Mamman, tashi mu tafi," in ji shi. "Ta baki na yarda, don ta nan abinci ke shiga. Wancan kuwa, ko gawata ce ban yafe ba."

Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Barbarcin da mahaifiyarmu ke lallashinmu da shi, ko gezau. Kafin mu fito wata ma'aikaciyar jinya, yarinya sa'ar jikarsa, ta miƙa masa 'yar kwalbar roba mai murfi ta yi masa bayani a hankali. Na ga ya karɓa ya jefa a aljihu. Da na tambaye shi a mota ko ya ba su abin da suka nema, ya ce an gama da wannan. Na ɗauka nufinsa ya bayar.

Da muka dawo gida sai ya yanke wa kansa hukunci. A wurinmu kun san yadda tsoho yake yi idan ya ji a jikinsa tafiya ta zo: ba ya jiran a raba kayansa a bayansa, shi yake rabawa da hannunsa, ya nemi gafarar kowa, ya koma ya jira. Wata Juma'a bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kira 'ya'yansa da maƙwabta da abokan sana'arsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya, har da wani da suka yi rigimar wurin kafa mali, tarkon kifin nan, tun ina Hartum. Maza suna share ido da bakin riga. Komarsa da tarunsa ya ba abokansa, rediyonsa ya ba limamin unguwa. Sai ya juyo kaina.

"Jirgi kuma naka ne, Mamman."

"Ni? Yaya, ni da ban san gaban jirgi da bayansa ba?"

"Yaran nan ɗaya yana tuƙa Keke Napep, ɗaya yana sarin shinkafa. In na ba su, kafin a share makokina sun sayar. Kai ka hau na sama, ka hau na ƙasa, ka hau na teku, duk na mutane ne. To ga naka. Ku shaida na ba shi."

Jama'a suka ce sun shaida. Ni kuwa na karɓa don kada in kunyata shi a gaban mutane, raina yana tafasa. Jirgin nan na katakon maɗaci ne, shi ya tsaya a kan masassaƙa har suka gama shi, ya fi sanin kowace ƙusa da ke jikinsa fiye da haƙoran bakinsa. Mutumin da ya rabu da wannan jirgi ya riga ya rabu da duniya. Daga ranar ya daina zancen asibiti. Ya kwanta a rumfar ƙofar ɗakinsa da carbi, mutane suna zuwa sallama har daga Miga da Kaugama.

Matarsa Falmata ita ce ba ta yarda ba. Kun san wasan da ke tsakanina da ita, na ƙanen miji da matar wa, tun tana amarya ba ta taɓa kirana da sunana ba. Ta same ni a zaure wata safiya da kwanon kunu a hannu, ta dire shi a gabana har ya fantsama.

"Ɗan yawo, duk ƙasashen nan da ka zaga ka cika mana kunne da su, ba ka ga komai ba sai atamfa da fitila mai caji? Ɗan'uwanka yana tsiyayewa kamar tulu mai huji, kai kana nan kana shan kunu."

"Matarmu, ai ke kika kawo kunun."

"Na kawo ne ko zai buɗe maka kai."

Ya kuwa buɗe. Ina cikin sha sai na tuna wani abokin cinikina Bamisire a Alƙahira. Na taɓa zuwa shagonsa na tarar da shi da wata ɗamara a ciki da ɗan akwati rataye a kwiɓi, yana ta harkarsa, amma ya ƙi shan shayi tare da ni. Na tambaye shi, ya ce da safe ya haɗiyi kyamara. Na ɗauka barkwancin Misirawa ne, don ba su da aiki sai shi. Sai ya yi mini bayani: kafso ne, a cikinsa akwai ido da fitila, yana bin hanji yana ɗaukar hoto yana aika wa akwatin nan. Ya ce tiyon sama iyakarsa tumbi da ɗan abin da ke gaba, tiyon ƙasa iyakarsa babban hanji, amma tsakaninsu akwai ƙaramin hanji mai tsawo da lanƙwasa wanda da wuya tiyo ya kai, shi kafson yake bi. A lokacin na yi mamaki na wuce, kamar yadda matafiyi ke wuce abubuwa da yawa. Ranar nan na kira Yagana, tun da aikin jinya take yi, na ce ta bincika mini ko ana yin wannan a ƙasarmu. Ba a daɗe ba ta ce akwai wani asibiti a can Abuja da ke yi, kuma likitan ya ce a kawo shi ya gani.

Saura shawo kan Yaya. Na san in na ce masa ga magani, zai ce ya riga ya yi sallama. Don haka ban ambaci warkewa ba ko sau ɗaya. Na zauna a gefen tabarmarsa na ba shi labarin Bamisiren nan kamar yadda nake ba shi labarin dalar Misirawa da jiragen ƙarƙashin ƙasa. Da farko carbinsa kawai yake ja. Can na ga yatsunsa sun tsaya.

"Girmanta kamar me?"

"Kamar ƙwallon dabino, ta ɗan fi shi kauri."

"Da igiya a jikinta, a jawo ta?"

"Ba igiya, ba tiyo. Ita kaɗai take tafiya."

"Wa ke tuƙa ta?"

"Ba kowa. Hanjin ne ke tura ta, kamar yadda ruwa ke tafiya da ƙwarya."

Ya kalli rufin rumfa. Sai ya ce, "Hoton da ta ɗauka, likita kaɗai ke gani, ko har mai cikin?"

"In ka roƙa za su nuna maka."

"Na tsaga cikin kifi ya fi a ƙirga," in ji shi a hankali. "Ban taɓa tunanin akwai ranar da mutum zai ga nasa yana raye ba." Ya yunƙura ya tashi zaune. "Ka ji, Mamman. Ba don in warke zan je ba, wannan an gama. Don in gani zan je."

Na ce na ji. Falmata da ke laɓe a bakin madafa ta ɗaga hannu sama.

Tafiyar ta wahalar da shi, amma idonsa bai bar taga ba. Kowace gada muka hau sai ya sa direba ya rage gudu ya leƙa ruwan, ya ce wannan akwai kifi, wancan babu. A Abuja likitan, wani mutumin Zariya mai sanyin magana, ya duba shi, ya tabbatar ba abin da ya toshe hanjin da zai riƙe kafson, sannan ya sa aka hana shi abinci, aka ba shi wani ruwa mai wanke ciki. Wannan ruwan shi ne abin da Yaya bai yafe wa Abuja ba har yau. Da safe aka ɗaura masa ɗamara da ɗan akwatin, irin na abokina sak. Likita ya ɓare kafson daga kwalinsa ya ɗora masa a tafin hannu. Gefe ɗaya farin roba ne, ɗaya gefen kamar ƙwayar idon kifi, fitila tana ƙyaftawa a ciki. Yaya ya juya shi, ya kai shi kusa da idonsa, sai ga fuskarsa ta cika allon da ke kan tebur, hanci kamar tulu. Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin ciwon.

"Likita, in ta shiga za ta ga zuciyata?"

"A'a, Baba. Hanyar abinci kawai take bi."

"Alhamdu lillahi. Akwai abubuwan da ban faɗa ba ranar neman gafara." Ya sake duban ta. "In ta gama a dawo muku da ita?"

"Ba ma so, Baba. Tafiya ɗaya take yi."

"Kamar mu ke nan," in ji Yaya. Ya yi bisimilla ya haɗiye ta da ruwa.

Yinin nan a gidan Yagana muka yi shi. An ce ya riƙa ɗan tattaki, kada ya kwanta, kada ya yi ta sunkuyo, don haka azahar da la'asar a zaune ya yi su. Yana zagaya tsakar gida yana dafe da ɗamarar, lokaci lokaci ya tsaya ya karkata kai kamar mai sauraron motsi a ƙarƙashin ruwa, ya ce mini yana jin ta kai kwana. Na ce masa ba a jin ta. Ya ce ni ban ji ba, tun da ba a cikina take ba. Ni kuwa ina kallonsa ina tunanin kasuwar nan ta ƙasar Sin inda na ga kyamarori ƙanana kamar ƙwayar wake a cikin tire, ana auna su kamar hatsi. Na sha ɗaukarsu in ajiye, ina ganin kayan leƙen asiri ne da wasan yara. Ban taɓa kawo wa raina cewa 'yar'uwarsu za ta bi ta cikin ɗan'uwana ba.

Da likita ya gama nazarin hotunan ya kira mu. Ya cika alkawari, ya juyo da allon wajen Yaya ya sa hotunan suna gudana kamar fim. Ni na zaci zan ga abin ƙyama. Abin da na gani wata hanya ce mai ruwan hoda, tana buɗewa tana rufewa, jikinta lulluɓe da wani laushi kamar gashin sabon tawul, yana kaɗawa. Yaya ya matso har hularsa ta kusa taɓa allon.

"Ikon Allah. Ai kogi ne, Mamman. Dubi ciyawar gindin ruwa. Nan ruwa ya yi gudu. Nan kuma ta sami matsatsi, ga shi tana juyi wuri ɗaya. Likita, koma baya kaɗan in ga kwanar can."

Likita yana murmushi yana mayar masa. Can sai ya rage gudun hoton ya ce mu duba da kyau. A jikin bangon nan mai laushi akwai wasu abubuwa sirara kamar guntayen zare, kowane ya kafa kai a jiki ya saki jela tana lilo. Wasu farare, wasu sun yi ja don abin da suka sha. Kusa da su ɗige-ɗigen jini. Hoton ya ci gaba, ga wasu, ga wasu kuma. Yaya ya ƙura wa allon ido. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Matsattsaku."

"Kusan haka, Baba," in ji likita. "Tsutsar ciki ce mai shan jini. Ba daji ba ne, ba gyambo ba ne. Su ne suke shanye jinin da ake ƙara maka."

"Ta ina suka shiga? Ni ba na cin ɗanyen kifi."

"Ta ƙafa. 'Ya'yanta suna cikin ƙasa mai danshi, inda mutane ke zagawa a bakin ruwa. In ka taka ba takalmi sai su huda fata su shige, ba ka ji ba. Baba, kana sa takalmi a bakin kogi?"

Yaya ya dube shi kamar ya tambaye shi ko yana sa hula a cikin wanka. A nan likitan ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda gwajin bayan gida bai nuna ƙwan tsutsar ba, don yawanci da shi ake kama ta tun a asibitin gida. Ya tambaya ko an yi. Na ce an yi a Kano. Yaya ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa.

"Yaya, kwalbar nan da yarinyar ta ba ka?"

"Tana gida," ya ce. "Murfinta da kyau. Ƙugiyoyi na zuba a ciki." Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido. "Kai yanzu da girmana in ɗauki wannan abu in miƙa wa jikata a hannu? Haba, Mamman."

Likita ya juya baya yana tari. Yagana ta fita daga ɗakin da sauri, ina jin dariyarta a baranda. Ni na rasa ko in yi fushi ko in bi ta. Mun ratsa rabin ƙasar nan, mun nemo ido daga ƙasashen waje, don mu gano abin da 'yar kwalba za ta faɗa mana a gida. Amma na zauna da mutane iri iri, na san kowace al'umma da inda kunyarta take. Na ga Bature yana tsirara a bakin teku amma ba zai faɗa maka albashinsa ba. Namu tsofaffin kuwa sun gwammace kabari da waccan kwalbar.

Maganin bai taka kara ya karya ba: 'yan ƙwayoyin kashe tsutsa, da na ƙarin jini da zai daɗe yana sha, da dogon takalmin roba wanda likita ya sa shi ya yi alkawarin sawa. Kafson kuwa, da yake Yaya ya ƙi faɗa wa kowa ko ya fita, sai da aka ɗauki hoton cikinsa aka tabbatar ya wuce. Muka dawo Haɗeja. Kafin ruwan fadama ya janye tafin hannunsa ya yi ja, kumburi ya saɓe, yana zuwa masallaci ba ya dafa katanga. Na ce to, an gama, bari in haɗa kayana.

Ashe ba a gama ba. Mutumin da ya tara jama'a ya yi sallama, aka yi kuka, aka zo daga Miga da Kaugama, sai ga shi bai tafi ba. Abokansa suna tsokanarsa, wai ya karɓi yafiyarsu a kan ƙarya, ya dawo musu da ita. Yana dariya, amma na ga abin yana cinsa. Babban abin kuma, ba shi da koma, ba shi da taru, ba shi da jirgi. Na je na ce masa ga jirginsa nan a ɗaure, ya ɗauka.

"Wane jirgina? Na ba ka a gaban shaidu."

"To ni ma na ba ka. Kyauta ce sabuwa."

"Wannan zagaye ne. Mutum ya yi kyauta ya dawo ya lashe? Yara ma suna yi wa mai yin haka waƙa."

Na kai maganar wurin liman, ya zo da kansa ya ce masa babu laifi in wanda aka ba ya mayar don ransa. Yaya ya saurara da ladabi, ya ce Allah ya ƙara wa malam sani, sannan ya tambaye shi ko rediyon yana kama tasha da kyau. Liman ya tashi ya tafi. Yaya ya koma rumfarsa da carbinsa. Jini ya cika jikinsa, amma ya fara ramewa ta wata hanyar. Da hantsi, lokacin da masunta ke dawowa, sai ya juya fuskarsa bango. Takalmin roba yana jingine a lungu ko ledarsa ba a cire ba. Na ga cewa kafson nan ya nuna mana abin da ke shan jininsa, amma abin da zai kashe shi yanzu ba ya fitowa a allo.

Falmata ce ta sake samuna a zaure. Wannan karon ba kunu.

"Ɗan yawo, an ce kana haɗa kaya."

"Me zan yi masa, matarmu? Ya ƙi karɓa."

"Ba zai karɓa ba har abada, na fi ka saninsa. Amma akwai abin da ba zai iya zama yana ji ba." Ta rage murya. "Jirgin ba naka ba ne? Je ka tuƙa abinka."

"Ni ban iya ba."

"Ai shi ya sa na ce ka je."

Washegari da safe na sayi nawa takalmin, na tafi mashaya da babbar riga da agogo, na kwance jirgi na shiga. Kun san ni, ba na son a yi mini dariya, amma ranar na sha ta har na ƙoshi. Na kafa gora ta dama jirgi ya yi hagu, na kafa ta hagu ya juya ya kalli inda na fito. Na yi ta zagaye wuri ɗaya kamar kafson nan da ya sami matsatsi. Mata masu wanki suka bar wanki, masunta suka tsaya da komarsu a kafaɗa. Daga ƙarshe na cusa hancin jirgin cikin kacalla, gora ta maƙale a laka, na saura ina riƙe da iska. Falmata kuwa ta riga ta tsaya a kan Yaya tana ba shi labari, wai ƙaninsa yana can yana farfasa maɗaci a gaban duk garin.

Ban ga zuwansa ba, muryarsa na ji daga gaɓa.

"Kai! Wa ya ce maka a tsakiya ake tsayawa? Koma baya! A'a, zauna kawai, zauna kafin ka kife da shi!"

Na waiwaya. Ga shi ya kutso cikin ruwa har gwiwa, rigarsa a naɗe, dogon takalmin roba a ƙafarsa yana tafiya da shi kamar wanda aka ɗaure da mari. Ya fizge gorar daga laka, ya hau ta baya, ya yi tura ɗaya jirgin ya miƙe kamar an ja shi da zare.

"Nuna maka kawai zan yi," in ji shi. "Jirginka ne."

"Na sani, Yaya."

"Wannan takalmin kuma, mutum ba ya jin ƙasa da shi. Kamar ka ci tuwo da safar hannu."

"Amma za ka sa."

"Na gan su da idona, Mamman. Ba labari aka ba ni ba."

Har yau nuna mini yake yi. Kullum bayan an idar da asuba, gari ya yi haske, zai tsaya a ƙofar gidana ya ce, "Mai jirgi, yau za a fita?" In na ce e, mu tafi, shi a baya da gora, ni a gaba ina kwarfe ruwa da ƙwarya. Abokansa sun ba shi aron koma, aro kuwa ba ya ƙi. In ya kama babba ya tsaga tumbin ya baje a ganye, yanzu har da ni ake dubawa. In kuwa na ce ba ni da lafiya, ko na yi tafiya ta kwana biyu, ba ya taɓa igiyar jirgin. Ya ce ba a hawa abin mutum ba ya nan. Na gwada sau ɗaya, lokacin sunan ɗan Yagana, na daɗe a Abuja. Da na dawo na tarar da shi a rumfa, fuska a bango.

To kun ji abin da ya ɗaure ni. Na ga biranen da suka ishe ni, kuma ban taɓa zaton akwai abin da ya rage mini in gani a bayan gidanmu ba, sai ga shi kowace safiya ana nuna mini wata kwana da ban sani ba. Ku bar ɗakin nan na Abuja ku sa baƙi a ciki.

Abu ɗaya nake so ku riƙe. Yaya ya girme ni, amma tun da aka kashe tsutsotsin nan ya fi ni ƙarfi, kuma ba mamaki in riga shi. In haka ta faru, jirgin yana cikin abin da za ku gada, don nawa ne, a gaban shaidu. Kada wanda ya ce zai mayar masa, ba zai karɓa ba. Kada kuma a sayar. Duk wanda jirgin ya faɗo a rabonsa, ya nemi takalmin roba daidai ƙafarsa, ya kwana da shiri. Da safe za a zo ƙofarsa a tambaye shi ko za a fita.